Wace Burauza Ce Ta Fi Rufa Wa Mai Waya Asiri?

 

'Yan'uwa da dama sun tare mu bayan karatun magariba da tambaya iri ɗaya. Wani ya ce, "Malam, na nemi maganin ciwon suga a waya sau ɗaya, yau sati biyu tallarsa na bi na duk inda na shiga. Wa ya gaya musu?" Tambayar tana da nauyi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, waya ta zama jakar kuɗinmu ta hanyar Bankak, ita ce kuma wasiƙarmu ga dangin da suka watse daga Wad Madani da Sinnar. Shari'a ta hana tajassusi a Suratul Hujurati, ta kuma umarci neman izini kafin shiga gidan wani a Suratun Nur. To, wanda aka hana a leƙa masa gida, shi ma ya kamata ya san yadda ake saya ƙofa.

Burauza, wadda da Larabci ake ce wa mutasaffih, ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Masu leƙen abin da kake yi a cikinta kashi uku ne: kamfanonin talla, da wanda kuke amfani da waya ɗaya, da mai shabakar da ka hau. Kowanne da maganinsa.

Chrome ita ce ke zuwa a cikin yawancin wayoyinmu. Tana da ƙarfi wajen kare mutum daga shafukan damfara, amma ta Google ce, shi kuwa Google mafi yawan kuɗinsa daga talla yake samu. Ba a ba kura ajiyar nama.

Brave tana toshe talla da 'yan bin sawu tun daga ranar da aka sa ta, ba sai an gyara komai ba. Wannan yana da amfani biyu gare mu: sirri, da kuma tsimin rasid, don tallar nan da take buɗuwa ai da kuɗinka take buɗuwa. Tana da wani tsarin lada na kuɗin intanet. Ba dole ba ne, a bar shi a kashe.

Firefox ta gidauniyar Mozilla ce, wadda ba don riba aka kafa ta ba, ta fito tun 2004. Tana tare 'yan bin sawu, kuma a Android ana iya ƙara mata uBlock Origin ta toshe talla sosai. Tana son mai ɗan haƙurin shiga saituna.

DuckDuckGo ita ce mafi sauƙi ga dattawa. Akwai alamar wuta a jikinta, da ka taɓa sai ta share shafukan da ka buɗe. Gidan da uwa da 'ya'ya ke karɓa-karɓar waya ɗaya, wannan ta dace da su.

Tor kuwa tana bi da saƙonka ta tashoshi uku kafin ya isa, ta yadda mai shabaka ba zai san shafin da ka nufa ba. Sai dai tana da nauyi, a ƙauyen da Zain ko Sudani ke zuwa suna ɗaukewa za ta gajiyar da kai, wasu shafukan ma ba sa karɓar ta. Ta masu buƙata ta musamman ce, ba ta yau da kullum ba.

Ga kuskuren da ya fi yawa. Mutane suna zaton shafin ɓoye na Chrome, mai hoton hula da tabarau, yana ɓoye su daga kowa. A'a. Abin da yake yi kawai, ba ya ajiye tarihi a cikin wayar. Kamar mai share sawunsa a tsakar gida ne, alhali mutanen titi sun ga inda ya shiga. Kun tuna lokacin da shabaka ta yanke a Fabrairun 2024, jama'a suna biyan kuɗin awa a wurin masu Starlink? Mai irin wannan na'ura yana iya ganin sunan shafin da ka shiga, ko da bai ga abin da ka rubuta a shafi mai tsaro ba.

Shawararmu: a sa Brave ko Firefox don amfanin kullum, DuckDuckGo don wayar gida. A sauko da su daga Play Store, kada a karɓa ta Bluetooth daga mai shagon caji, don ana iya cusa musu abin sata. Kada a bar burauza ta riƙe lambar sirrin banki, kuma duk shafin da ya nemi lambar Bankak, a rufe shi nan take. Wanda bai iya ba, ya kawo wayarsa bayan la'asar, ɗalibai za su taimaka masa a gaban idonsa.

Sannan mu tuna, burauza tana rufe mu daga bayi ne kawai. Wallahu a'alam.