Miyar Kifi da Addu'ar Dare a Gidan Kirista

Mu mutanen Miga mun san kifi. Kogin Haɗeja yana kusa da mu. Daga ƙasar Kano ya taso, inda Kogin Kano da na Challawa suka haɗu. Ya bi ta Wudil, ya nufo Haɗeja, har ruwansa ya kai fadamun Nguru. In damina ta yi nisa sai ya cika ya malala cikin fadamu, kifi ya bi ruwan ya hayayyafa. Shi ya sa tarwaɗa da karfasa da kurungu ba baƙi ba ne a tukwanenmu.

Yawancinmu Musulmi ne. Amma a garuruwa kamar Haɗeja da Dutse akwai Kiristoci. Waɗansu malaman makaranta ne, waɗansu ma'aikatan asibiti, waɗansu 'yan kasuwa. Aiki ya kan kawo su har ƙauyukanmu. Mu kan ji suna waƙa da dare, mu ce ko me suke yi? Yau za mu leƙa irin wannan gida da maraice, lokacin da aka ɗora tukunya.

Kada a ɗauka duk Kirista baƙon harshe ne. Akwai Hausawa Kiristoci tun da daɗewa. Wani Bature, Likita Miller, ya zauna birnin Zariya a 1905. Daga baya mishan ɗinsu ya koma Wusasa. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. A 1954 kuma aka kafa ikilisiyar ECWA, wadda take da mabiya da yawa a Arewa. Saboda haka gidaje da dama da Hausa suke addu'a.

To, ga uwargida ta sayo tarwaɗa ɗanya. Aikin fari shi ne fid da santsi. Ta sa kifin a kwano, ta kwara masa ruwan zafi. Santsin nan sai ya daskare ya yi fari, ta kankare shi da wuƙa. Waɗansu da toka suke cuɗawa, waɗansu da gishiri da lemon tsami. Sa'an nan ta tsaga cikin a hankali. A nan ake kuskure. In maɗaciya ta fashe, miya ta yi ɗaci ke nan, ba abin da zai gyara ta.

Ta jajjaga tattasai da attarugu da albasa da tumatir. Ta soya su cikin man gyaɗa ko manja har ruwansu ya tsotse. Ta tsai da ruwa, ta sa daddawa da citta da masoro da gishiri. Sai romon ya tafasa sosai tukuna ta jera gunduwoyin kifi a ciki. Kifi ba nama ba ne, ba ya son daɗewa a wuta. Minti 15 zuwa 20 ya isa. Kuma ba a juya shi da ludayi, don zai dagargaje, ƙaya ta watsu cikin miya. Tukunyar ake kamawa da tsumma a girgiza ta kaɗan. In miyar kuka ce, sai a tsame kifin, a kaɗa kuka da maburgi, sa'an nan a mai da shi. In banda ce, watau kifin da aka ƙyafe, a jiƙa ta da ruwan zafi, a ɓare, a duba ƙwari da yashi.

Muna jan kunne a kan abu ɗaya. Kifin da aka kashe da maganin ƙwari a ruwa guba ne. Wuta ba ta kashe wannan guba. Ku sayi kifi wurin masuncin da kuka sani.

An kwashe tuwon shinkafa, an zuba miya. Mu Musulmi mu kan yi bisimilla mu sa hannu. Su kuwa sai kowa ya dakata. Ɗaya daga cikinsu, ko maigida ko ma ƙaramin yaro, ya yi gajeriyar addu'a. Ya gode wa Allah saboda abincin, ya roƙi albarka a kansa da wadda ta dafa. Duka su ce amin. Sa'an nan a fara ci, uwa tana zare wa yara ƙaya.

Babbar addu'a ita ce ta kafin kwanciya, waɗansu kuma har da ta asuba. Duk gidan su kan taru wuri ɗaya, maza da mata da yara. Ba su yin alwala domin ta, ba su kuma duban gabas. Wani ya zauna, wani ya durƙusa. Su fara da waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙinsu. Waƙar nan ce muke jiyowa ta bayan danga. Sa'an nan a karanta 'yan ayoyi, ko daga Zabura ko daga Linjila. In maigida bai iya karatu ba, ɗansa ɗan makaranta shi ke karantawa, uban yana saurare. Bayan haka a tambaya, wa ke da damuwa? Wannan ya ce kakarsu ba lafiya. Wancan ya ce jarrabawa ta matso. A yi roƙo a kan kowane ɗaya da sunansa. Sau da yawa su kan rufe da Addu'ar Ubangiji, wadda suka ce Yesu Almasihu, watau Annabi Isa, ya koya wa almajiransa.

'Yan Katolika suna da nasu ƙari. Su kan yi alamar gicciye da hannu kafin addu'a da bayanta. Suna da carbi, sunansa rosari. Kuma suna da kwana 40 na azumi kafin idinsu na Ista. A ranakun Jumma'a na wannan lokaci ba su cin nama, amma an yarje musu kifi. In kun ga maƙwabciyarku tana neman kifi ran Jumma'a a watan Maris, ga dalili.

Kifi kuwa yana da yawa cikin labaran Linjila. Bitrus da ɗan'uwansa Andarawas masunta ne a Tekun Galili. Akwai kuma labarin da aka ciyar da mutum 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu. Abin mamaki, wani kifi na tekun nan da ake kira kifin Bitrus, dangin karfasarmu ne.

Akwai wani amfani na miyar kifi tsakanin maƙwabta. Musulmi ya kan yi tambaya a kan nama, wa ya yanka? Shi ya sa Kiristoci da yawa a Arewa su kan kira Musulmi ya yanka musu dabbar Kirsimeti, don kowa ya ci. Kifi ba ya bukatar yanka. Kwanon miyar kifi zai fita daga wannan gida ya shiga wancan, ba mai tambaya.

Sai dai kifin ba shi da yawa kamar dā. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Tun daga nan yadda kogi ke cika da janyewa ya sāke. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Masunta na kuka, kifi ya yi tsada. Gidan da dā ke sa gunduwa shida, yanzu uku yake sawa, a ƙara daddawa.

In kun je gidan Kirista kuka tarar suna addu'a, ku yi sallama a hankali, ku zauna gefe. Ba a tilasta wa baƙo ya shiga. Ba su daɗewa. In sun ce amin za su gaishe ku, uwargida ta tashi ta duba ko da sauran miya a tukunya.