Tsakanin Fentin Shimfiɗa da Cikakken Fenti: Zaɓin Masu Sake wa Mota Ƙira a Amurka

Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai wata tsohuwar sana'a wadda wasu ke yi don neman abinci, wasu kuwa don marmari kawai, watau ɗaukar motar da kamfani ya ƙera a sake mata ƙira har ta fita daban da 'yan'uwanta. Akan rage mata tsayin rufi, a sassauto da jikinta kusa da ƙasa, a cire hannayen ƙofa da sauran tarkacen ado a toshe gurabensu, wani lokaci kuma a ɗora mata injin da ya fi nata ƙarfi. Aiki ne mai cin shekaru da dukiya. Amma duk wanda ya kama shi, idan ya zo gab da ƙarshe, sai ya tarar da wata tambaya tana jiransa: shin ya bar motar da fentin shimfiɗa ya hau abarsa, ko kuwa ya daure ya kai ta ga cikakken fenti mai sheƙi? Wannan maƙala za ta duba asalin tambayar, da kuma abin da kowane zaɓi ke jawo wa ƙarfen motar, domin a nan ne maganar take da nauyi fiye da wajen kyan gani.

Fentin shimfiɗa da ire-irensa

Abin da ido ke gani a jikin mota ba shafi ɗaya ba ne. A can ƙasa akwai ƙarfe, wanda da zarar ya haɗu da ruwa da iska sai tsatsa ta kama shi. A kansa ake fesa fentin shimfiɗa, wanda Turawa ke kira firaima. Aikinsa shi ne ya kama ƙarfen ƙam, ya kuma ba fentin da zai biyo baya wurin kamawa, gama fentin launi ba ya daɗewa a kan ƙarfe tsirara, ɓamɓarewa yake yi. Daga nan sai launi, sa'an nan wani shafi garau marar launi, wanda ya zama ruwan dare tun shekarun 1980, shi ne mai ba da sheƙi da tare hasken rana. Dukansu in an haɗa, a motar kamfani, ba su cika wuce kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba.

Wanda ya san ginin ƙasa zai fi saurin fahimtar wannan. Yaɓe yakan rufe tubali ya daidaita bango, amma magini bai gama ba sai ya bi shi da makuba ko laso, domin su ne masu tare ruwan damina. To, fentin shimfiɗa shi ne yaɓen.

Shi ma iri-iri ne, amma biyu suka fi shafar wannan magana. Na farko shi ne mai cikewa, wanda ake cuɗawa da garin wani dutse mai laushi, irin wanda ake hodar jiki da shi. Wannan gari ne ke ba shi kauri ya cike ƙananan kwarurruka, ya kuma sa shi sauƙin gogewa da samfefa. Sai dai garin da ya ba shi wannan amfani shi ne kuma ya bar shi da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, masu shan danshi kamar sabuwar randa. Na biyu shi ne ifoksi, wanda ake haɗa ruwa biyu kafin a fesa, in ya bushe ya toshe ƙarfe ruf, ruwa ba ya ratsa shi. Aibinsa guda: ba ya jure rana. In ya daɗe a fili sai fuskarsa ta koɗe ta riƙa fitar da gari kamar alli.

Yadda jira ya zama ado

Wannan sana'a ta yi tashe ne a kudancin jihar Kalifoniya, tun daga shekarun 1930, sa'ad da samari ke cire wa tsofaffin motocin Ford duk abin da ke ƙara nauyi, su tafi tsere a busassun tafkunan hamada kamar Muroc da El Mirage. A 1937 aka kafa ƙungiyar da ke ɗaukar lokacin gudunsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka komo gida da sanin walda da kanikanci, abin ya ƙara bunƙasa, har mujallar Hot Rod ta fara fitowa a Janairun 1948. Wasu suka tsaya a kan gudu, wasu kuwa suka karkata ga siffa. Cikin na biyun akwai 'yan'uwan nan biyu, Sam da George Barris na Los Anjeles, waɗanda suka yi suna wajen yanke ginshiƙan rufin motar Mercury ta 1949 zuwa 1951 su sauko da shi. A wancan zamani da narkakkiyar dalma ake cike wuraren da aka haɗa, kafin a sami filar roba a tsakiyar shekarun 1950.

Saurayin da ke wannan aiki galibi mota ɗaya gare shi, da ita yake zuwa wurin aiki, da albashinsa kuma yake biyan maƙeri kaɗan-kaɗan. Wannan wata a gyara ƙofa, a fesa wa wurin firaima don kada ya yi tsatsa. Wata mai zuwa a taɓa rufi, a sake fesawa. Ba shi da dalilin biyan kuɗin fenti alhali gobe za a sake sa wa jikin wuta. Saboda haka titunan Kalifoniya suka cika da motoci masu launin toka-toka, ko ja irin na jar ƙasa, ko baƙi marar ƙyalli, wasu ma dabbare-dabbare. Duk wanda ya ga irin wannan mota ya san ana kan aikinta ne. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa ganin fentin ba, domin an kira mai motar soja zuwa Koriya, ko ya yi aure, ko ya sayar ya sayi wata.

Wani abin lura shi ne yanayin wurin. Kudancin Kalifoniya ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, ba a kuma zuba gishiri a titunanta don narkar da ƙanƙara kamar yadda ake yi a jihohin arewa. Firaima mai shan danshi na iya yin shekaru a can ba ta nuna illarta ba. Wanda ya kwaikwayi abin a Mishigan ko Ohayo ya ga bambanci tun hunturun farko.

Sannu a hankali launin jira ya sami ma'ana tasa. Ya zama alamar motar da aka gina don gudu, wadda mai ita ya zuba kuɗinsa a inji bai ɓata shi a kwalliya ba. Masu shirya fim sun gane wannan. A fim ɗin Two-Lane Blacktop na 1971, motar 'yan tseren titi Chevrolet ce ta 1955 mai launin toka na firaima. Ɗaya daga cikin motocin da aka yi wannan fim da su ita ce aka fesa wa baƙi mai sheƙi ta fito a American Graffiti a 1973. Ƙarfe ɗaya, amma mai kallo ya ga halaye biyu. A shekarun 1990 kuma wasu matasa, da suka gaji da motocin nuni masu tsada waɗanda ake ɗauka a bayan babbar mota ba a taka kwalta da su, suka koma gina nasu da tsofaffin kaya suna barinsu da firaima da gangan, har aka laƙaba wa irin motocin suna mai ma'anar "motar ɓera".

Abin da cikakken fenti ke nema

Ɓangaren sheƙi shi ma yana da tarihinsa. Kafin 1923 fentin mota kan ɗauki makonni kafin ya bushe, sai kamfanin DuPont ya fito da Duco mai saurin bushewa, wanda motar Oakland ta 1924 ta fara fita da shi cikin shuɗi. Da irin wannan fenti gwanayen shekarun 1950 suka yi abin mamaki. Joe Bailon ya shahara da wani ja mai zurfi, wanda ake samu ta fesa launi garau a kan shimfiɗar ruwan zinariya, har hasken ya shiga ya dawo kamar ana leƙa cikin alewa. Akan fesa shafi 20 ko fiye, ana gogewa da hannu a tsakani. Motar Mercury ta 1951 da 'yan Barris suka gina wa Bob Hirohata a 1952, mai kore iri biyu, an sayar da ita a gwanjo a 2022 a kan fiye da dala miliyan 2.

To amma tsadar cikakken fenti ba a gwangwani take ba, a hannu take. Sheƙi madubi ne, madubi kuwa ba ya rufa asiri. Duk wani ɗan tudu ko kwari da firaima ta ɓoye, fenti mai sheƙi zai tona shi, baƙi ya fi kowane launi tonawa. Don haka kafin a fesa launi sai an fesa mai cikewa, a barbaɗa masa wani ɗan baƙi sama-sama, a naɗa samfefa a dogon katako a goge. Inda baƙin ya rage, nan ne kwari. A sake cikewa, a sake gogewa, ana tashi daga samfefa mai kaushi kamar lamba 180 zuwa mai laushi kamar 400 ko 600. Bayan fenti ya bushe kuma a bi shi da lamba 1500 zuwa sama, da ruwa, sa'an nan a goge da inji. Wannan kan ci makonni ko watanni. Ga kuma batun lafiya: sinadarin da ke ƙarfafa fentin zamani yana illa ga huhu, yana jawo asma, tilas mai feshi ya sa abin rufe fuska mai kawo iska daga waje, a ɗaki na musamman. Aikin ya fi ƙarfin garejin bayan gida.

Akwai kuma wata hasara wadda ba a cika lissafawa ba. Mutumin da ya kashe abin da ya tara a fenti yakan koma bawan motarsa. Yana tsoron tsakuwa, yana tsoron ajiye ta a bakin kanti, a ƙarshe ta fi daɗewa a ƙarƙashin mayafi fiye da kan titi. Masu goyon bayan firaima suna da gaskiya a wannan gaɓa, ba kuwa ƙaramar gaskiya ba ce, tunda an yi mota don hawa ne.

Inda hatsarin yake

Sai dai kuma wanda ya bar motarsa da firaima mai cikewa yana cin bashi ne da ƙarfenta. Raɓa da ruwan sama kan ratsa ta ƙofofin nan su kwanta a kan ƙarfe, tsatsa ta fara daga ciki alhali waje yana nan lafiya lau. Ranar da aka ga ƙuraje sun taso a jikin ƙofa, ɓarnar ta riga ta yi nisa. Filar da ke ƙasa ita ma tana shan ruwa ta kumbura. Bugu da ƙari, firaima tana shan maiƙon hannu da hayaƙin titi da man goge mota, waɗanda ke sa sabon fenti ya ƙi zama, ya yi ramuka kamar idon kifi. Saboda haka mai cewa bari ya hau ta shekara biyu tukuna kafin ya tara kuɗin fenti, sau da yawa yakan tarar mai fenti ya ƙi fesawa a kai, sai an kankare komai an koma ƙarfe. Ya biya kuɗin shiri sau biyu ke nan, in ma bai biya na yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ba.

Wannan ne ya sa masu sanin aikin a yau suka fi bin wata hanya ta uku. Akan toshe ƙarfe da ifoksi, sa'an nan a rufe shi da fenti na ainihi wanda aka zuba wa wani gari mai kashe sheƙi, ya fito dishi-dishi. Ido zai ce firaima ce, amma ruwa da rana ba za su sami hanya ba. Da yawa daga cikin baƙaƙen motoci marasa ƙyalli da ake gani a wuraren nuni haka aka yi su. Ga mai son kamannin shekarun 1950 kuma yana son motarsa ta daɗe, wannan ita ce ta fi dacewa da hankali. Ita ma ba ta rasa nata wuya ba. Fenti mai sheƙi in ya ƙarzu ana iya goge wurin ya koma daidai, amma marar sheƙi in an goge shi sai wurin ya yi ƙyalli ya fita daban, dole a sake fesa ɓangaren gaba ɗaya. Ƙurar da ta faɗa masa yana ɗanye ma ta zauna ke nan.

Wa imma mai sheƙi wa imma marar sheƙi, akwai gwajin da masu gyaran jikin mota ke yi kafin su yanke shawara. Sukan jiƙa gefen motar da ke cikin firaima da ruwan share maiƙo, ya yi sheƙi na ɗan lokaci kafin ya bushe, su tsuguna daga wajen fitila su dubi inuwar doguwar fitilar ɗakin a jikin ƙofa. In layin hasken ya tafi miƙe daga gaba har baya, jikin ya isa ɗaukar baƙi mai sheƙi. In kuwa ya karkace a wajen da aka yi walda, sai a koma kan katako da samfefa.