Mamatan da ba sa shiga lissafi a titin Gadarif

Babban titin Sudan da ya taso daga Wad Madani ya ratsa Fau da Gadarif da Shuwak ya nufi Kasala, an shimfiɗa shi ne da manyan motocin Port Sudan a zuci. Amma da kaka, lokacin yankan riɗi da dawa, leburorin gona da masu keke da masu amalanken jaki su ma nan suke bi, galibi da asuba ko bayan magariba, ba fitila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 suka mutu a haɗarin hanya a 2021, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma Afirka ce ta fi muni.

Matsalar tana wajen ƙidaya. Idan bas ta kife, 'yan sanda za su zo, a rubuta. Idan lori ya banke mai keke a bakin ƙauye, sau da yawa kafin la'asar an yi masa sutura, dangi sun ce kwana ya ƙare. Wanda aka kai asibiti ya cika bayan mako biyu, sunansa yakan tsaya a littafin asibitin, alhali ma'aunin duniya yana lissafa duk wanda ya rasu cikin kwana 30. Mai nazarin irin waɗannan alƙaluma zai ɗauka gudu a dajin da ba kowa ne kaɗai ke kisa, ya manta da mashigar kasuwa da ƙofar makaranta.

Za a ce ƙasar da ke cikin yaƙi tun Afrilun 2023 ina ta ga ta wannan. To, yaƙin ne ya ƙara cunkoson, musamman da jama'a suka kwararo Gadarif bayan faɗuwar Madani a Disambar 2023. Kuma haɗa rahoton 'yan sanda da takardar Urnik 8 da likita ke cikawa da abin da limamai da masu unguwanni suka sani, aikin littafi ne da biro. Masu cewa gangancin 'yan ƙauye ne, su nuna mana gefen titin da aka ware wa 'yan ƙauyen. Sanarwar Stockholm ta 2020 kan kiyaye haɗarin hanya ta nemi kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda mutane da motoci ke cakuɗa. Hukumomin jihar Gadarif su fara da rubuta wuri da lokacin kowane haɗari, ƙauye bayan ƙauye, kafin kaka mai zuwa.