Abin da Gawa ke Faɗa Game da Shan Barasa na Tsawon Shekaru

Likitan da ke binciken gawar mutumin da ake zargin ya daɗe yana shan barasa yakan fara duba hanta, domin ita ce ke sarrafa mafi yawan giyar da ta shiga jiki. Hantar baligi mai lafiya tana da nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, launinta ja ne mai duhu. Ta mashayi kuwa da farko kitse ke cika ta, ta kumbura, ta koma rawaya mai maiƙo. Idan shan ya ci gaba sai kumburi ya biyo baya, daga nan tabo ya mamaye ta, ta ƙanƙance, ta yi tauri da ƙulle-ƙulle. Hanta mai tauri tana tare hanyar jini, sai saifa ta girma, ruwa ya taru a ciki, jijiyoyin ƙasan bututun abinci su kumbura. Fashewar ɗaya daga cikinsu na iya kashe mutum cikin sa'o'i da aman jini.

Sauran sassan jiki ma suna ba da shaida. Zuciya kan faɗaɗa ta yi laushi. Ƙwaƙwalwa kan ragu, musamman sashen baya mai kula da daidaiton tafiya, kuma ƙarancin bitamin B1 kan bar mata lahani. Akan tarar da tsofaffin karaya a haƙarƙari da jini kwance a ƙarƙashin ƙoƙon kai, sakamakon yawan faɗuwa.

Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa hujja shi kaɗai, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara sosai. Ƙiba da ciwon suga suna tara kitse a hantar wanda bai taɓa ɗanɗana giya ba. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yaɗu a Afirka ta Yamma, yana taurara hanta kamar yadda barasa ke yi. A cikin al'ummar da sunan mashayi ke bin 'ya'ya da jikoki, ɗora wa mamaci wannan zargi don kawai an ga tabo a hantarsa zalunci ne.

Gwajin jini ma yana da nasa tarkon. Ana ɗibar jinin daga jijiyar cinya, ba daga zuciya ba, domin giyar da ta rage a tumbi kan ratsa zuwa gaɓoɓin da ke kusa bayan mutuwa, ta ƙara adadin barasar da ake gani a jinin zuciya. Haka kuma gawar da ta fara ruɓewa tana samar da barasa da kanta, saboda ƙwayoyin cuta suna ruɓar da sukarin jiki, kuma zafi yana hanzarta hakan. Shi ya sa ake haɗawa da fitsari da ruwan cikin ƙwayar ido, wanda ruɓewa ba ta saurin isa gare shi. Akwai kuma sinadarin EtG da jiki mai rai ke samarwa bayan an sha, da PEth da ke daɗewa makonni a jini. Su ne ke taimakawa a bambance wanda ya sha da wanda gawarsa ce ta yi tsami.

Adadin ma ba ya magana da baki ɗaya. Miligiram 400 na barasa a kowane mililita 100 na jini na iya kashe wanda bai saba ba, alhali tsohon mashayi yana iya yawo da shi. Wani kuma ya mutu jininsa babu giya ko kaɗan, amma ita ce sanadi: ko dai farfaɗiyar dainawa farat ɗaya, ko kuma jini ya yi tsami bayan kwanakin amai da rashin cin abinci, abin da gwajin sinadaran ketone ke nunawa. Dole a nemi methanol ma, gubar da aka gano a ogogoron da ya hallaka mutane a Irele ta Jihar Ondo a 2015.

Likita ba ya rubuta sanadin mutuwa sai ya haɗa abin da ya gani a gawa, da sakamakon ɗakin gwaji, da tarihin lafiyar mamacin daga asibiti da iyalansa.