Yadda Milwaukee Bucks ta tashi daga ƙasan teburi

A kakar 2013/14, Milwaukee Bucks ta ci wasa 15 kacal cikin 82 a gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka. Cikin 'yan wasanta akwai wani siririn yaro, Giannis Antetokounmpo, haifaffen Girka ga iyaye 'yan Najeriya, wanda bai kai maki 7 a kowane wasa ba.

Ƙungiyar ba ta yi gaggawa da shi ba. Ya ƙara tsawo, ya yi jiki, aka kuma damƙa masa ƙwallo ya riƙa tsara wasa. A 2017 shi aka zaɓa wanda ya fi kowa ci gaba.

Zuwan koci Mike Budenholzer a 2018 ne ya sauya lissafi. Ya kewaye Giannis da masu jifa daga nesa, dole abokan hamayya su baje, hanyar kwando ta buɗe masa. Nasara 60 suka yi a kakar.

Raunin Giannis jifar kyauta ce, har 'yan kallo suka riƙa ƙirga masa daƙiƙoƙi don tsokana. Amma a wasan da suka ɗauki kofin 2021 kan Phoenix Suns, ya jefa 17 cikin 19, ya tara maki 50.