Yana Karanta Turanci, Amma Yana Ganewa Kuwa?

Uwargida, ki gwada wannan yau da daddare. Ki miƙa wa ɗanki na aji ɗaya a ƙaramar sakandare takardar da ke cikin kwalin maganin tari, ko ki nuna masa rubutun jikin buhun takin da maigida ya sayo a kasuwar Funtua. Ya karanta, sannan ya faɗa miki da Hausa abin da aka ce. Yara da yawa za su karanto tiryan-tiryan, amma da an zo bayani sai su yi turus.

A ƙaramar sakandare, da Turanci ake koyar da lissafi da kimiyya, kuma da shi za a rubuta jarrabawar BECE a ƙarshen aji uku. Yaron da ya dogara da hadda zai iya faɗuwa lissafin da ya iya, don kawai bai gane tambayar ba. Ga kaka kuma: a ƙauyukan Malumfashi yaro kan shafe makonni yana girbin masara da tsintar auduga, littafi na rataye a jaka.

Ba sai kin iya Turanci ba. Minti goma bayan isha'i sun isa. Ya karanta sakin layi ɗaya daga littafin makarantarsa, ki tambaye shi wa ya yi me, kuma don me. Kalmar da ta gagare shi, ya rubuta ta a bayan littafi, gobe ya kai wa malaminsa.