Tseren Kwale-kwale: Zoben da ke Raba na Gaba da na Baya

Duk wanda ya ga ana tseren kwale-kwalen da iska ke turawa zai ɗauka cewa sa'ar iska ce kurum. Amma masu sana'ar sun san cewa ɗan zobe guda, wanda igiya ke bi ta cikinsa, yana iya mai da gwani ɗan kallo.

Ɗauki kwale-kwalen nan da ake kira 470, wanda wani Bafaranshe, André Cornu, ya tsara a 1963, aka kuma shigar da shi Wasannin Olimfik a 1976. Tsawonsa mita 4.70 ne, mutum biyu ke hawansa. Bayan babban ƙyallen da ke kama iska, akwai wani ƙarami a goshin jirgin. Igiyar wannan ƙaramin ita ce ke ratsa zoben, shi kuwa zoben ana iya matsar da shi gaba ko baya.

In aka matsar da shi gaba, igiyar za ta ja ƙyallen ƙasa, samansa ya rufe, gindinsa ya yi ciki, jirgi ya sami ƙarfin keta raƙuman ruwa. In aka mai da shi baya, gindin zai miƙe sumul, saman ya buɗe ya zubar da rarar iska. Wannan ita ce dabarar ranar da iska ta yi ƙarfi, domin jirgin da ya kishingiɗa ba ya gudu, wani lokaci ma kifewa yake yi.

To, yaya matuƙi zai gane daidai? Akan liƙa 'yan zarurrukan ulu a bakin ƙyallen, sama da ƙasa. Sai ya ɗan karkata goshin jirgi wajen iska, ya zuba ido. In zaren sama ya riga kaɗawa, zobe ya yi baya da yawa. In na ƙasa ne, ya cika gaba. Abin nema shi ne su motsa tare.

Inda sababbin hannu suka fi faɗawa shi ne ɗaure igiyar tamau don kwaɗayin tunkarar iska sosai. Da haka tazarar da ke tsakanin ƙyallayen biyu take ƙuntata, iskar da ke fita daga ƙaramin ta daki bayan babban, ya kama karkarwa. Jirgin zai fuskanci inda ake so, amma abokan tsere suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya.